Gaba da Gabanta: Sharhi a kan Dodannin Adabinmu da na Wasan Bidiyo

A ajin nazarin adabi an koya mana mu auna labari ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari da kuma taurari. To, amma in aka zo kan taurari, yawancinmu babban tauraro kaɗai muke bi, mu ƙididdige halayensa ɗaya bayan ɗaya, mu manta da wanda ya kara da shi. Ni kuwa a ganina jarumi ba ya wuce girman abokin karawarsa. Saboda haka a wannan ɗan sharhi zan bar jarumi ya huta, in dubi dodo. Ma'aunin da zan yi aiki da shi kuwa na aro shi daga wurin da malamaina ba za su zata ba, watau wasan bidiyo na faɗan dodanni, irin wanda ƙannenmu ke biyan kuɗi su buga a shagunan gem. Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri har in kai inda za ni.

Shi irin wannan wasa, kafin a fara sai an nuna maka jerin dodanni, ka zaɓi naka, abokin karawarka ya zaɓi nasa. Masu ƙirƙirarsa abu biyu ke hana su barci. Na farko, kowane dodo ya zama yana da kamanninsa da makaminsa da salon faɗansa, yadda in ka sauya dodo za ka ji lalle ka sauya wasa. Na biyu, kada a sami wanda ya fi ƙarfin kowa, don in aka same shi kowa shi zai zaɓa, sauran su zama ado. Abin lura shi ne waɗannan buƙatu biyu kishiyoyin juna ne. Hanya mafi sauƙi ta daidaita ƙarfi ita ce a mai da kowa iri ɗaya, sai bambanci ya mutu. Hanya mafi sauƙi ta kawo bambanci kuma ita ce a ba kowa abin da ya ga dama, sai daidaito ya rushe. Gwanintar tana ga wanda ya iya riƙe su biyun a hannu guda.

Bari in ba da misali da wasan Godzilla: Save the Earth, wanda ya fito a 2004 a kan na'urar PlayStation 2 da Xbox. An ɗauko dodanninsa daga finafinan kamfanin Toho na ƙasar Jafan, waɗanda suka faro da fim ɗin Godzilla na 1954. Dodanni 18 ke cikin jerin. Akwai Rodan mai fiffike, ga sauri kamar iska amma ba ya jure duka. Akwai Destoroyah, ƙato mai nauyin jiki, in ya same ka ka ji a jika, amma kafin ya juyo ka sha gabansa. Megalon nutsewa yake cikin ƙasa ya ɓullo ta ƙarƙashinka, Anguirus ya dunƙule kamar bushiya ya mirgino da ƙayoyinsa, Jet Jaguar ya kumbura ko ya ƙanƙance, ita kuwa Mothra tana fara faɗa tana tsutsa ta ƙare tana malam-buɗe-littafi. Wannan duk abin yabo ne. Amma ƙidaya tana tona asiri. Cikin 18 ɗin nan akwai Godzilla iri biyu, da ɗan'uwansa na sararin samaniya, da Godzilla na ƙarfe har guda biyu, sa'an nan King Ghidorah mai kai uku shi ma iri biyu. Bakwai ke nan daga gida biyu kacal. Ko da yake an bambanta musu makamai, ido yana ganin an cika jerin ne da 'yan gida ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kansa in mun zo ga namu Dodon.

Ta fuskar daidaito kuwa ba misalin da ya kai na Pokémon, wanda ya fara fitowa a Jafan a 1996 da halittu 151, aka kasa su gida 15. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa. Zagaye ne, ba tsani ba, don haka babu wanda ke zaune a ƙoli. Duk da haka an sami ɓaraka. Gidan masu faɗa da ƙarfin tunani ya gagari kowa, saboda gidan fatalwa da aka nufa ya zama maganinsu, a cikin wasan dukansa ba ya taɓa su ko kaɗan. Sai a 1999 aka ƙaro gida biyu, na duhu da na ƙarfe, don a karya su. A 2013 kuma aka sake ƙaro wani gida don a rage wa manyan macizai masu fiffike ƙarfi. Watau dai duk sa'ad da wani ya gagara, ba a kashe shi, sai a haifo masa wanda zai taka shi. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan tun kafin a san lantarki, da ya ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Na san wani zai ce ai labari daban, wasa daban. A wasa mutum biyu ke riƙe da dodanni biyu, dole a yi musu adalci. A labari kuwa mai ba da shi ke riƙe da kowa, kuma tun kafin ya ce ga ta nan ga ta nanku ya san wanda zai mutu. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma mai sauraro bai kamata ya ji haka a jikinsa ba. Ko da yaro ya ji tatsuniya sau goma, in tsohuwar gwana ce sai gabansa ya faɗi a daidai wurin da ya faɗi jiya, don ta gina abokin gaba har ya isa a ji tsoronsa. Abin da adalci yake yi wa mai wasa shi ɗar-ɗar yake yi wa mai sauraro, kuma tushensu ɗaya: kowane ɓangare ya zama yana da abin da zai iya yi wa ɗayan.

In muka ɗora wannan ma'auni a kan dabbobin tatsuniya, sai mu ga kakanninmu sun ci jarrabawa da maki mai yawa. Duba abin da Frank Edgar ya tattara a littattafansa uku na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, ko jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya da ya fara fitowa a 1971. Ba dabbar da ta yi kama da wata. Zaki ƙarfi da sarauta, Kura ƙarfi da kwaɗayi da tsoro, Giwa girma ba wayo, Dila malamin daji, Ƙoƙi haƙuri da hankali, shi kuwa Gizo wayo da rowa da tsamin baki. Ko an ɓoye suna, daga jin magana yaro zai gaya maka wane ne. Ga kuma tatsuniyar da Gizo ya tara baƙi a gidansa ɗaya bayan ɗaya, muzuru ya cinye kaza, kare ya kashe muzuru, kura ta cinye kare, damisa ta kashe kura, har aka kai ga zaki. Da farko sai ka ce tsani ne, ƙarfi bisa ƙarfi. Amma wa ya tsira a ƙarshe? Gizo, wanda ko kazar ma ta fi ƙarfinsa. Ƙarshen tsanin ya lanƙwaso ya haɗu da farkonsa. Shi ma Gizon ba a bar shi ya gagara ba. Rowarsa ta sa hankaki suka ƙwace fikafikan da suka ara masa suka bar shi a kan ɓaure tsakiyar ruwa, kwaɗayinsa kuma ya manna shi a jikin budurwar danƙo. Maganin Gizo yana cikin cikin Gizo.

To, sai mu zo ga Dodo, inda damuwata take. Mene ne kamannin Dodo? Na tabbata in aka ba kowane ɗan ƙungiyarmu takarda ya zana shi, ba za a sami zane biyu iri ɗaya ba. A wata tatsuniya cikin kogi yake zaune, yana jiran yarinyar da aka yi masa alkawari tun tana ciki. A wata kuma yakan rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi marar tabo, ya auri budurwar da ta ƙi samarin garinsu, sai sun yi nisa a daji ya koma siffarsa. A wata ƙato ne mai gashi da wutsiya, yana jin warin mutum daga nesa. A wata yakan haɗiye mutane da dabbobi har sai an farke cikinsa sun fito. A tatsuniyar Ɗan Auta kuwa mai ruri ne da ke zagaya gari da dare yana hana kowa fita. Tremearne, wanda ya buga nasa tarin a 1913, shi ma ya lura da waɗannan fuskoki dabam-dabam. Waɗannan ba halitta ɗaya ba ce. Mazauninsu daban, makaminsu daban, har abin da ke kashe su daban: wani karnuka ne maganinsa, wani duwatsu masu zafi da aka jefa masa a baki, wani wuƙar da ya haɗiye da kansa. Ashe ciwonmu kishiyar ciwon wasan Godzilla ne. Su sun ɗauki dodo ɗaya sun raba masa sunaye biyar, mu mun ɗauki dodanni biyar ko fiye mun lulluɓe su da suna ɗaya.

Ina iya fahimtar dalili. Tatsuniya da dare ake yin ta, kuma abin da ba shi da fuska ya fi ban tsoro cikin duhu, don kowane yaro zai cika gurbin da abin da ya fi firgita shi. Wannan dabara ce mai kyau a bakin tsohuwa a tsakar gida. Amma da labarin ya hau takarda, ko ya shiga fim, sai dabarar ta zama naƙasa. Yaron da zai iya lissafa maka halittun Pokémon hamsin da abin da ke karya kowanne, in ka tambaye shi Dodo sai ya ce wani abu ne mai cin mutane, shi ke nan. Ba laifinsa ba ne. Abin da ba shi da suna ba ya zama a ka.

Mu mutanen ƙasar Daura muna da dodo guda mai suna, kuma da ita muke tinƙaho, watau macijiyar rijiyar Kusugu da ake kira Sarki. Daga garinmu Mai'aduwa zuwa bakin rijiyar ba wata tafiya ba ce, kuma ba ɗan makarantar da ba a ba shi labarin ba. Ga abin da ke ba ni haushi game da yadda muke ba da shi yanzu. Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce ba a ɗiba sai ran Juma'a, ya tafi rijiya da dare, macijiya ta fito da kai, ya sare shi da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Faɗan da aka kafa tarihin Hausa Bakwai a kansa ya ƙare cikin jimla ɗaya. Mai sauraro na yau, wanda ya saba da dogon artabu, sai ya ce to ina abin jaruntaka? Har ya fara raina mutanen Daurama da suka kasa abin da baƙo ya yi a dare ɗaya.

Kuskuren a nan shi ne muna neman ƙarfin Sarki a wurin da ba ya nan. Makaminta ba dafi ba ne, ba girma ba ne, ƙishirwa ce. Ta riƙe wa gari guda ruwa kwana shida cikin bakwai, ta tsara musu ranar wanka da ranar wanki, har suka saba, suka daina ganin abin a matsayin zalunci, suka kira ta da sunan mai mulki. Duk wanda ya taɓa bin layin rijiya a watan bazara a ƙasarmu ya san wannan ba ƙaramin makami ba ne. A cikin dodanni 18 da na ambata ba mai irinsa. Dukansu rushe gini suka iya. Saboda haka mai ba da labarin Kusugu in yana son a ji nauyin saran nan guda, sai ya daɗe a kan kwanaki shidan: tulunan da suka bushe, yaron da ke kuka, uwar da ke auna ruwa da ludayi, dattijon da ke cewa haka muka tarar. In an gina wannan, sara ɗaya ya isa. Abin sha'awa kuma, takalmin da Bayajida ya bari a bakin rijiya, wanda aka gane shi da shi, ya sake ɓullowa a tatsuniyar Ɗan Auta, inda shi ma ya bar takalmansa wurin gawar Dodo, manyan gari suka yi ta gwadawa bai shige su ba. Amma a can an ba Dodo murya, yana ruri Auta yana mayar masa, har a kai ga duwatsun. Ta fuskar ginin faɗa, tatsuniyar yara ta fi labarin fada tsari, ko da maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

A rubutaccen zube kuwa, 'yan'uwa biyu sun ba mu darasi biyu a gasa ɗaya, watau gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda aka buga littattafanta a 1934. Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, ƙanensa Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja. Kashin farko na Ganɗoki yana da rai, domin abokin gaba na gaske ne, Turawa da bindigoginsu, daga Kwantagora har Burmi a 1903, kuma mai karatu ya san takobi bai ci wannan yaƙi ba. Amma da Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljannu da ƙasashen gabas, sai labarin ya zama sara da kirari. Runduna ta zo a karkashe ta, wata ta zo a karkashe ta, ba wanda za ka iya tunawa da shi bayan ka rufe littafin. Na yarda cewa marubucin yana rama wa jaruminsa kayen da tarihi ya yi masa ne, kuma harshensa na kirari abin koyi ne. Amma Ganɗokin kashi na biyu shi ne dodon da ya gagara, wanda masu wasa za su ce a hana zaɓensa. Imam kuwa bai kawo wani babban dodo ba, sai ya kawo Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Yau Alhaji Imam ya yi masa, gobe shi ya rama, ba ka san inda za su sake haɗuwa ba, ba ka san wa zai kwana a ciki ba. Shi ya sa bayan shekara casa'in har yanzu ana kiran sunan Zurƙe a hira, abokan gaban Ganɗoki na ƙasar aljannu kuwa sai an buɗe littafi.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya fi kusa da abin da nake nema, don a can abokan karawa suna da suna da hali. Wargaji ya fi Iliya ƙarfi, kuma labarin bai ɓoye haka ba. Gijigiji kuwa ɗan fashi ne da ba a kwatanta shi da kowa. Sai dai kada mu yi saurin buga ƙirji, domin asalin labarin na ƙasar Rasha ne, na jaruminsu Ilya Muromets. Birnin Kib shi ne Kiev, Sarki Waldima shi ne Vladimir, ɗan fashin kuma a can da fito yake kashe mutane. Jerin dodanni mafi tsari a zubenmu na farko aro ne aka yi wa riga da hula.

Amma kada a ce Bahaushe bai san daidaito a fage ba. Ya sani sarai, a dambe da kokawa. A gidan dambe akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, akwai bahago akwai mai dama, akwai dogo mai kai hannu daga nesa akwai gajere mai kutsawa. Tun kafin masu gasar zamani su shigo da awon nauyi, 'yan kallo da manyan fage ke hana a haɗa ƙato da yaro, don ba mai biyan kuɗi ya kalli kisan da aka sani tun kafin a shiga turmin farko. Shagon da Ɗan Anace ya wasa bai zama Shago ba sai da aka sami irin su Ɗandunawa a gabansa. Haka nan a tsallaken iyakarmu ta Kwangwalam, kokawar takobi ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma, ba ruwan kowa da nauyi, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Ƙaramin mai dabara yana iya kai ƙato ƙasa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ranar kokawa ake kasa kunne ga rediyo har a wannan gefen iyaka. Makaɗan maza sun san kowane ɗan wasa da kirarinsa da take nasa. Abin da suka yi wa 'yan dambe shi ne ba mu yi wa dodanninmu ba.

Ga wanda ke da niyyar rubuta sabon littafin jarumtaka, ko ɗalibin kwamfuta da ke mafarkin gina wasa daga tatsuniyoyinmu, aikin farko shi ne a warware Dodo: na ruwa daban, mai rikiɗa daban, mai haɗiya daban, mai ruri daban, kowanne da mazauninsa da maganinsa kamar yadda tsofaffi suka bar mana. Sunayen kuwa kada a ƙaga su a ɗakin kwanan ɗalibai. A fara tambaya tukuna, domin ba mamaki abin da ake kiran na ruwa a ƙauyukan Zango ko Sandamu ya bambanta da na Katsina ko Damagaram, kuma 'yan ƙungiyar nan daga ko'ina suke, hutu kuma yana tafe. Wahalar da na hango tana ga Gizo. In aka sa shi cikin jerin da wayonsa duka, kowa shi zai zaɓa. In aka cire wayon, ba Gizo ba ne. Dole a shigar da rowarsa cikin dokar wasan, yadda duk sa'ad da abinci ya faɗo a fage mai riƙe da shi zai kasa hana shi bin sa, ko da Kura na bayansa.